Ƙwarya, kalangu ko DJ: wa za a kira ranar biki?

Kafin a tambayi mai kiɗa nawa zai karɓa, a fara duba su wa za su zauna a wurin. Bikin Katsina ba zama ɗaya ba ne. Akwai kamu, akwai sa lalle, ga walima, ga yinin biki, wasu kuma su ƙara da dina. Kiɗan da zai tayar da ƙawayen amarya shi ne zai sa gwaggo ta yafa mayafinta ta koma gida.

In dai zaman mata ne a tsakar gida, ni ban ga abin da ya kai kiɗan ƙwarya ba, wato amada, irin wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta yi suna da shi har rasuwarta a 2013. Ba ya neman wuta, ba ya neman janareta. Zabiyar da ta san gari za ta kira kowace uwa da kirarin gidansu, matan aure kuma su saki jiki su taka, tunda ba idon namiji. Sai dai bakin zabiya ba shi da linzami. Idan gidan akwai kishiyoyi, ko surukan masu kunya ne, a ja ta gefe tun da wuri a gaya mata iyakarta. Habaici ɗaya ya isa ya ɓata zumuncin shekara goma.

Kalangu kuwa gadonmu ne. Mamman Shata ɗan Musawa ne, kuma tun rasuwarsa a 1999 kunnen dattawa bai daina neman wannan sautin ba. Amma a nan ne lissafi ke ruɗa mutane. Kuɗin kira ba shi da yawa, sai a ɗauka an yi arha. Ainihin kuɗin yana wurin liƙi. Makaɗi ba ya zuwa shi kaɗai: ga 'yan amshi, ga sanƙira, ga maroƙan da suka ji labari suka biyo sahu, kowa da cikinsa da kuɗin motarsa. Baƙon da aka wasa a bainar jama'a alhali aljihunsa ba nauyi, kunya aka ba shi. A tambayi makaɗin mutum nawa za su zo, a kuma tanadi faranti ko kwali na zuba kuɗi, domin dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da taka ta, hukuncinta ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.

DJ ya fi kowa sauƙin ciniki, kuɗinsa a yanke yake. Abin da za a tsaya a kai shi ne wa zai kawo janareta, wa zai sayi fetur, lasifika nawa ne, ƙarfe nawa zai tashi. A rubuta masa waƙoƙin da ake so da waɗanda ba a so. In aka bar shi da zaɓinsa, abin da ke tashe a TikTok zai saka, ko da kakar ango na zaune a gaba.

Waƙar sutudiyo mai sunan amarya da ango tana da daɗi, kuma ita ce ke saura a waya bayan an watse. A ba da kafin alƙalami kawai, kada a cika sai an saurara. Na taɓa ganin an jero sunayen ƙawaye kaf an manta uwar ango, har yau ana maganar.

Walima tata daban ce: malama mai nasiha, sai masu mandiri ko sha'irai in gidan na so. Tun da aka kafa Hukumar Hisba a jihar Katsina a 2023, duk mai niyyar kafa lasifika a titi gara ya fara sanar da mai unguwa, ya kuma sa a kashe kiɗa da an kira salla. Kakaki da tambari na fada ne, ba a hayarsu.

Da ni ce uwar biki kuma kuɗin bai kai ba, ƙwarya zan kira ranar lalle, in ɗauki ƙaramin DJ na awa uku ranar kamu, kuɗin dina kuma in ƙara wa amarya a kayan ɗaki.