Auna Direba a Tseren Ƙarshe: Sakamako ko Tuƙi?

Masu bin sakamako ba sa wahala: wanda ya fara ƙetare layi a tseren motoci na Formula 1 ya kwashi maki 25, magana ta ƙare.

Ni kam na fi yarda da duba tuƙin kansa: daga wane matsayi direba ya taso, yaya ya lallaɓa tayoyinsa, ina ya baro abokin aikinsa mai mota irin tasa? Dubi tseren Abu Dhabi, na ƙarshe a kakar 2021. Direba Lewis Hamilton ya ja ragamar kusan dukkan tseren, sai motar tsaro, wadda ke sa direbobi rage gudu idan an yi hatsari, ta shigo ta haɗe motocin wuri guda. Abokin hamayyarsa Max Verstappen, da sababbin tayoyi masu taushi, ya wuce shi a zagayen ƙarshe. Takardar sakamako ta ce Hamilton na biyu, amma har yau ban ga inda ya kuskure ba.