Hattara da mai tallar "sabon irin pesh mai jure zafi" a Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu lambu, musamman na bakin Binuwai. Akwai wani mutum da ke yawo da hotuna a WhatsApp da Facebook, yana cewa ya ƙirƙiro sabon irin bishiyar pesh, ɗan itacen nan mai gashi-gashi a bawo da ƙwallo ɗaya a ciki. Wai nasa irin yana jure zafin Garwa da Marwa, yana 'ya'ya wata takwas da dasawa, har sau uku a shekara. Sai ka tura rabin kuɗi ta waya, sannan a sako maka dashen a mota. Don Allah kada wanda ya tura masa ko dala.

Kawuna ya riga ya faɗa. Da kayan suka iso muka zazzage su a inuwa, dashe ne 'yan tsiraru cikin baƙar leda, ganyen dogaye sirara, abin da zai ruɗi wanda bai taɓa ganin bishiyar ba. Na murje ganye ɗaya na kai hanci, sai ƙamshin man zafi. Na ce, "Kawu, wannan ai bishiyar turare ce, irin wadda ake jerawa a bakin hanya." Ganyen pesh gefensa yana da 'yan haƙora ƙanana kamar na zarto, in ka murje shi ɗaci-ɗaci yake bugowa. Waɗannan kuwa gefensu sumul. Kawu ya kira lambar, a kashe.

Wani maƙwabcinsa ya ce shi kam pesh na gaske aka kawo masa. Na yarda, amma a gindin babu tabon aure ko ɗaya, ƙwallo kawai aka binne ya tsiro. Duk mai mangwaro ya san abin da hakan ke nufi: ɗan ƙwallo ba lallai ya gaji uwarsa ba. Irin pesh mai suna ta aure ake yaɗa shi, a ɗauki idon toho daga uwar bishiya a ɗora a kan wani gindi.

Babbar ƙaryar ma ba a nan take ba. Pesh asalinsa daga ƙasar Sin yake, bishiyar sanyi ce. Da hunturu takan zubar da ganye ta yi barci, kuma ba ta farkawa ta yi huda yadda ya kamata sai ta tara awoyi na sanyi ƙasa da digiri 7. Yawancin iri suna neman awa 600 zuwa 1,000. Jami'ar Florida a Amurka ta shafe shekaru tun wajajen 1950 tana neman iri mai ƙarancin buƙatar sanyi, ta fitar da irin su Flordaprince, amma shi ma yana son kamar awa 150. Yanzu ku gaya mini, yaushe sanyin Garwa ya taɓa sauka can? Hunturun da muke kuka da shi muna jin wuta da asuba bai ko kusa ba, ga Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 40. Inda ake samun pesh a ƙasashe masu zafi kan tuddai ne masu sanyi. Da a ce ma Ngawundare ya ambata, mai tsayin sama da mita 1,000, da mutum ya tsaya ya saurara, ko da yake can ɗin ma sai an gwada.

Sannan fitar da sabon iri ba aikin damina biyu ba ne. Mai binciken zai ɗebo garin furen wata bishiya ya shafa a furen wata da hannu, ya shuka ƙwallayen da suka fito, ya jira kamar shekara uku su fara 'ya'ya, ya zubar da kusan duka, ya aura 'yan kaɗan da suka yi kyau, ya sake gwada su a wurare dabam-dabam. Abin yakan ci shekara 10 ko fiye. In an gama kuma akan rubuta siffofinsa dalla-dalla: lokacin huda, lokacin nuna, naman ciki fari ne ko rawaya, ƙwallon yana rabuwa da nama ko manne yake, awa nawa na sanyi yake nema. Mutumin nan da aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce, "Alhaji, zaƙi kamar zuma."

Yana kuma nuna wata takarda mai hatimi, wai rajistar irin ce. Hukumar da ke ba da irin wannan kariya ga Kamaru da Chadi ita ce OAPI, hedkwatarta tana Yawunde, don haka ku nemi lambar rajistar ku bincika da kanku. Ga sabon salo da ya ɓullo da shi: ka sayi dashe 100 ka zama wakilinsa a unguwarku, shi kuma zai riƙa sayen 'ya'yan yana kai wa otal-otal. Wato kai ne za ka jawo masa 'yan'uwanka, kai kuma za su riƙe ranar da ya ɓace.

Duk wanda ya tuntuɓe ku, ku ce ya kai ku gindin uwar bishiyar a nan arewa, ku gan ta da 'ya'ya a jiki. Mai son dashen mangwaro ko lemo mai aure ya je wurin ma'aikatan IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, a Garwa ya nemi shawara. Waɗanda suka riga suka tura kuɗi kuma kada su goge saƙon shaidar turawa da hirar da suka yi da shi, su haɗu su kai ƙara wurin jandarma tare.