Daga Sendai: Labarin Asari da Dodon Koɗin da Ya Cinye Shi

Yaya, ina gaisuwa da fatan iyali lafiya. Ka tambaye ni yadda kasuwar abinci take a Jafan. Tsabta da sanyin firji ba a magana, kuma kowace leda tana ɗauke da sunan inda kayan ya fito. Nan suka fi mu nesa. Amma kada ka ɗauka takarda ba ta ƙarya.

Akwai wata halittar teku mai ɓawo biyu da suke kira asari, ana zuba ta a miyar miso, wato daddawarsu ta waken soya. Da bazara, idan ruwa ya janye daga gaɓa, iyalai kan biya kuɗin shiga su tono ta cikin yashi. A 1983 ƙasar ta kama kusan tan 160,000. Yanzu ko tan 10,000 ba a samu. Da abin ya yi ƙaranci sai aka riƙa shigo da rayayyu daga Sin da Koriya ana watsawa a gaɓa. Cikin buhunan ne wani dodon koɗin teku ya biyo. Yana tafiya ƙarƙashin yashi, ya rungume asari da ƙafarsa, ya huda ɓawon da ƙaramin rami zagayayye, ya zuƙe naman. A nan jihar Miyagi ɓarnar ta kai har aka soke tonon asari a gaɓar Tona a 2004. Masunta na bin gaɓa suna tsince shi da hannu, da kaka kuma su kwashe ƙwansa da yake dunƙulewa da yashi. Aikin na ba ni tausayi, domin yawancinsu dattawa ne.

Sai kuma ha'inci. A 2022 gwamnati ta gwada asarin da ake sayarwa da sunan jihar Kumamoto, ta ce kashi 97 cikin ɗari da alama na waje ne, kamar dai yadda ake juye shinkafar waje a buhun 'yar gida a wajenmu. Bambancin shi ne jihar Kumamoto ta dakatar da fitar da nata kusan wata biyu, aka kuma tsaurara doka: wanda aka shigo da shi ba zai ci sunan Jafan ba sai ya yi shekara ɗaya da rabi ana kiwonsa a nan, da takardun shaida.

Tun daga nan ledojin da aka rubuta "Sin" suka yawaita a kanti, sun kuma fi araha. Su nake saya. A gaida Inna.