Hattara da mai tallan kayan tsohon keke mai naɗewa a Facebook

Assalamu alaikum jama'a. Na yi makonni ina jan ƙafa a kan wannan rubutu, don ba daɗi magidanci ya fito ya ce an yi masa wayo a kan keke. Amma jiya na ga tallan mutumin ya sake fitowa da sabon suna, da hotunan nan dai da ya kama ni da su, sai na ga in na ci gaba da yin shiru, alhakin wanda zai faɗa gaba yana wuyana.

Keken mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Raleigh Twenty, ƙaramin nan mai naɗewa biyu a tsakiya, da ya zo da shi daga Ingila lokacin da aka tura shi kwas. Ba dogon baƙin Rali da iyayenmu suka sani ba, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano. Wannan a Nottingham aka ƙera shi, kuma a jikin hob ɗin baya, cibiyar ƙafar baya inda giyar take, an buga 74 da 6, wato watan Yuni na 1974. Ya fi shekara 20 a rataye a sito. Bara na sauko da shi da niyyar tayar da shi, sai na tarar tsatsa ta cinye rim ɗin baya, kofunan boris na gidan feda sun fashe, hannun da ake ɗaure mahaɗin tsakiya da shi kuma ya ɓace, wataƙila tun muna yara muka yi wasa da shi.

Na zagaya masu kayan keke, kowa ya duba sai ya girgiza kai. Shi ne na sa hoton keken a wani zauren masu sha'awar tsofaffin kekuna, na rubuta abin da nake nema. A nan na yi kuskuren farko, don na ba ɗan damfara jerin abin da zai ce yana da shi.

Ba a kwana ba ya biyo ni ta akwatin saƙo. “Yallaɓai, Allah ya jiƙan Baba. Ina da irinsa sak a cikin gwanjon da ya shigo min ta Kwatano. Bodinsa ya ɗan lanƙwashe, amma duk abin da kake nema yana jiki.” Ya turo hotuna guda shida, kore shar, tambarin zalɓe a goshi, giya uku ta Sturmey-Archer. Kuma ya san magana. Shi ya fara ce min, “Ka duba tayarka, 451 ce ko 406?” Wallahi wannan tambayar ce ta kwantar min da hankali, na ce wannan ɗan hannu ne. Daga baya na lura cewa lambar tana nan ɓaro-ɓaro a hoton da ni na sa da hannuna.

Muka daidaita a naira 95,000. Ya ce yana Legas, in ba da kafin alƙalami 50,000. Da na sa lambar asusun, sunan mace ya fito. Ya ce matarsa ce, nasa yana da matsala. Na tura. Kwana biyu ya ce direba ya ƙi ɗauka sai an ƙara 15,000 saboda kayan ƙarfe ne. Na tura. Sai ya turo hoton ƙunshi a bayan mota, ya ce ɗan kamasho ba zai saki kaya ba sai na cika sauran. Na cika.

Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan damfara shi ne kayan sun iso. Na je tasha aka miƙo min abu naɗe cikin kwali da buhu, an ɗaure da roba tamau. Har na kira shi na yi godiya, ya ce, “Haba Yallaɓai, amana ce.”

Akwai wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu da ya fi shekara 40 a ƙarƙashin darbejiya guda. Wajensa na kai, muka kwance tare. Bai ce komai ba da farko. Ya sa farcen babban yatsa a gefen tambarin goshi ya ɗaga, sai ga shi ya taso kamar lambar kwalbar lemo. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, Rali ba ya manna zalɓensa da gam. Na tagulla ne, da ƙusa ake kafe shi.” Ya juya keken, ya tofa yawu a kan hob ɗin baya ya goge da gefen rigarsa. Babu suna, babu shekara, babu ma giyar. Wayar giyar da ke saƙale a kan keken, a banza take lilo, an ɗaure ƙarshenta da zare a ƙarƙashin kariya.

Na ce, “Baba, ko rim ɗin dai zai yi min?” Ya nuna min rubutun gefen taya, 20 x 1.75. Nawa kuwa 20 x 1 3/8. Duk biyun inci 20 ake kiransu, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa. Ɗaya faɗin rim ɗinsa milimita 406 ne, irin na kekunan yara da suka cika kasuwa, ɗayan 451. Tazarar milimita 45 ke nan. Taya ba ta shiga, in ka sa rim ɗin gaba ɗaya kuma birki ba ya kai masa. Shi kansa Raleigh Twenty an yi shi da duka biyun, na kasuwar Ingila 451, wanda aka kai Amurka da Kanada 406, don haka ko na gaskiya ka samu, sai ka karanta lambar.

Kofunan boris ma haka. Raleigh na wancan zamani da tiredinsa na kansa yake aiki, zare 26 a kowane inci, alhali sauran kekuna 24 ne. A ido ba za ka gane ba. Zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, in ka matsa da sifana ka kashe tiredin bodin, ka kashe keken ke nan. Da a gida na kwance ni kaɗai, da na yi wa keken mahaifina wannan ɓarnar da hannuna.

Abin da ya fi tayar min da hankali na ƙarshe ne. Dattijon ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika ya bi jikin bodin da shi. Ko'ina yana kamawa, da ya zo gindin mahaɗin sai ya zame. Ya kankare fentin da wuƙa, sai farar fila irin ta masu gyaran jikin mota ta riƙa zubowa. A ƙarƙashinta tsagewa ce ta kusa zagaye bututun, an ɗan ɗiga walda a wuri biyu an rufe. Keke mai naɗewa duk ransa a mahaɗin nan yake. Da na ce tunda an cuce ni bari in ba yaro ya riƙa zuwa Islamiyya da shi, wata rana a tsakiyar titi zai rabe biyu. Wannan ya wuce cin kuɗi.

Na kira, waya a kashe. Na koma Facebook, ya toshe ni. Wani ƙanena ya sa hotunan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, cikin minti biyu suka fito a shafin wani Bature da ya gyara kekensa shekaru da suka wuce. Da na natsu na sake kallonsu, ga ciyawa kore, ga katangar jan bulo, ga kwandon shara irin nasu. Duk suna nan tun ranar farko, son abu ne ya rufe min ido.

Bayan na yi ƙorafi a zauren, mutum uku suka biyo ni da labari iri ɗaya. Ɗaya Brompton, wani keke mai naɗewa mai tsada, aka ce za a kawo masa a kuɗin da ko tayoyinsa ba zai saya ba, shi ko kwali bai gani ba. Sai kuma ga wani da ya ce shi jami'i ne, zai dawo min da kuɗina in na biya 20,000 na buɗe fayil. Hausarsa da ta mai keken ba su da maraba, har “Yallaɓai” ɗin. Na kai rahoto banki da ofishin 'yan sanda da shaidar turawa da hotunan hirarmu, ina jira.

Wanda zai sayi irin wannan daga nesa, ya ce a yi masa bidiyo kai tsaye, a rubuta sunansa da kwanan wata a takarda a ɗora kan sirdi. A naɗe keken a buɗe a gabansa, a haska mahaɗin ciki da waje, a goge hob a karanto masa shekara, a nuna lambar taya. Sabon fenti mai sheƙi a kan keken da ya kai shekara 50 abin tambaya ne. Ni ban nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don na ji kunyar kada ya ga kamar ina zarginsa.

Alamominsa: yana cewa yana Legas, kayansa ta Kwatano suke shigowa, asusun kullum da sunan mace, kuma koren keke a kan ciyawa shi ne hotonsa na farko. Sunan shafin yana canzawa, don haka ban ga amfanin kawo shi ba.

Jabun yana nan wajen dattijo, ya cire feda da ƙararrawa, ya ce sauran na 'yan gwangwan ne. Hob ɗin mahaifina kuwa mun wanke shi da kananzir, mun ɗiga masa mai, giya ukun duk suna shiga. Rim mai lamba 451 har yanzu nake nema, kuma wanda yake da shi, ni zan zo da ƙafata in gani.