Man habbatus sauda kala uku da ake saidawa a Katsina, ga wanda zan sake saye

Duk Islamik kemis ɗin da ka shiga a garin nan, daga na cikin Babbar Kasuwa har na wajen Ƙofar Ƙaura, za ka tarar da man habbatus sauda jere a kanta, kowace kwalba an rubuta mata na asali ne, kowane mai shago kuma ya ce nashi daga Masar aka kawo. Falalarta ba abin jayayya ba ne, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim cewa waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa, abin tambaya shi ne mi ke cikin kwalbar. Kala uku na ajiye a gida ina gwadawa, ba zan kama sunan kamfani ba don ba talla nike yi ba.

Na farko shi ne mai arha, cikin farar roba. Kalarshi wasai kamar man girki, ƙamshin sai ka kai hanci bakin robar kafin ka ji shi, in ka lasa kuma ba wani yaji a maƙoshi. Na sa shi a firij ya kwana, da safe ya yi gizo-gizo ya fara daskarewa daga ƙasa, alhali man habbatus sauda na gaske ba ya saurin daskarewa, wanda ke yin haka shi ne man gyaɗa da irin man girkin da ake tacewa daga kwakwar manja. Amma kada wani ya riƙe gwajin firij ya ce ya gama, in da man waken suya aka haɗa ba zai nuna komai ba, shi ma ba ya daskarewa. Lissafi ya fi firij tona asiri. Man da ke cikin ƙwayar habbatus sauda kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyinta, kuma injin tatsa ba ya fidda shi duka, ke nan kafin a samu lita ɗaya sai an ci fiye da kilo 3 na ƙwaya. To ka je wajen masu kayan yaji ka tambayi kuɗin kilo, ka ninka uku, ka ɗora kuɗin roba da mota da ribar mai shago, in kuɗin kwalbar bai kai nan ba ai ka san da wata a ƙasa.

Na biyu shi ya fi kowa tsada kuma shi mutane suka fi ruɗuwa da shi. Baƙar kwalba ta gilas, rubutun Larabci zagaye, ga hoton dalar Masar. Gaskiya kwalbar ta yi, don sinadarin da ake nema a man, timokwinon, haske da zafi suna lalata shi, baƙin gilas ya fi roba nesa ba kusa ba. Yana da yaji sosai, har idona ya kawo ruwa. Sai dai na juya kwalbar ko'ina babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, babu adireshi, babu ranar da aka yi shi balle ranar lalacewa. Na ce wa mai shagon, Malam ina aka tatse wanga? Ya ce wallahi Alhaji yadda aka kawo mini haka nike saidawa. Ban ga laifinshi ba, amma rubutun Larabci ai ko a nan gida ana bugawa. Kuma mutanenmu sun ɗauka duk man da ya ƙona maƙoshi shi ne mai kyau, eh na gaske yana da yaji, musamman irin na Habasha da aka san shi da ƙarfi, to amma man da ya lalace shi ma yana ƙarce maƙoshi, bambancin a hanci yake, lalatacce yana warin tsohon mai irin na ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu a ajiye, kuma wanga na ɗan ji haka can ƙasan ƙamshin. Kalar ma ta yi baƙi da yawa, na gaske daga ruwan zuma ne zuwa ruwan ƙasa mai duhu.

Na uku a nan ƙasar aka tatsa aka zuba. Kuɗinshi tsaka-tsaki, ƙaramar kwalba mai duhu, akwai adireshi da lambar waya da rana, ga lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe. Ita L ɗin nan ya kamata a gane ta, tana nufin hukumar ta duba cewa ba shi da cutarwa ne, ba wai ta tabbatar yana maganin duk jerin cututtukan da aka rubuta ba, shi ya sa ake sa kamfanoni su rubuta a jiki cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. Ana kuma iya satar lamba, don haka a duba ta a Greenbook, kundin kayan da hukumar ta yi wa rajista, a intanet a ga ko sunan ya yi daidai. Ƙamshinshi na tashi da an buɗe, yajin yana zuwa a hankali ya ɗan zauna a maƙoshi, firij bai canza shi ba, akwai ɗan gari-gari da ya kwanta a ƙasa wanda ba aibu ba ne ga man da ba a tace shi da yawa ba. Shi zan sake saye.

Masu shan maganin suga ko na hawan jini su gaya wa likitansu kafin su fara, don yana iya ƙara saukar da su, mai ciki ma haka.

Ƙorafina kan na ukun guda biyu ne. Murfin yana yoyo, sai da na naɗe shi a leda. Sannan shagon da na saya sun jera shi a gilashin gaba inda ranar azahar ke dukanshi, a zafin Katsina na watan Afrilu kuwa wannan ɓarna ce, sai na ce ya ɗauko mini daga kwalin da ke ciki, ya ɗauko ba musu.