XFLR5: manhajar da zan ba ɗalibin da ke ruwan ido tsakanin injiniyan jiragen sama da mekanikal

Darussan JAMB ɗaya ne ga fannonin biyu: Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Shi ya sa ɗalibi kan kai ranar cike fom bai san ainihin bambancinsu ba. Bayan na yi aiki da XFLR5, ina ganin mako guda a kanta ya fi doguwar shawara.

Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma in an sauke ta ba ta buƙatar intanet. An gina ta a kan manhajar XFoil, wadda Mark Drela na jami'ar MIT ta Amurka ya rubuta. Aikinta auna yadda iska ke bi ta jikin fiffike.

Ka fara da fiffike samfurin NACA 2412. Lambobin nan bayani ne: lanƙwasarsa kashi 2 cikin ɗari na faɗinsa, ƙololuwar lanƙwasar tana kashi 40 daga gaba, kaurinsa kuma kashi 12. Sai lambar Reynolds, wato ma'aunin yanayin gudanar iska da ake samu daga gudu, faɗin fiffike da yanayin iskar. Fiffike mai faɗin santimita 25 da ke gudun mita 15 a daƙiƙa yana ba da kusan 250,000. A zafin digiri 40 irin na bazarar Sakkwato, lambar takan sauko wajen 220,000. Ka sa kusurwar da fiffike ke fuskantar iska da ita daga digiri -5 zuwa 18, ana ƙara rabin digiri. A jadawalin da za ta zana, layin ƙarfin ɗagawa zai miƙe sumul, ya ratsa sifili a kusan -2, can sama ya karye. Nan ne iska ta saki bayan fiffiken.

Wurin ne kuma manhajar ke da rauni. Dab da karyewar lissafin yakan ƙi daidaituwa, ta tsallake wasu maki, kuma takan ɗan zuzuta ƙarfin ɗagawa. Ƙara yawan zagayen lissafi da rage tazarar kusurwa suna taimakawa. Matsala ta biyu tana zuwa idan ka gina cikakken fiffike: za ta ce ba ta iya ƙiyasta wani maki ba. Sau da yawa dalili shi ne bakin fiffike ya fi gindinsa siranta, lambar Reynolds ɗinsu ta bambanta. Sai ka fara gudanar da lissafin a jere, daga lambar Reynolds 50,000 zuwa 500,000. Fuskar manhajar kuwa tsohon yayi ce, sai da haƙuri.

Ba za ta gaya maka ko fiffiken zai karye ba, ko wane ƙarfe ya dace, ko kusoshi nawa za su riƙe shi. Idan tambayoyin nan ne suka fi damunka, mekanikal ne gidanka. Idan kuwa dare ya raba kana canza lanƙwasa don rage jan iska, ka duba kwas ɗin jiragen sama na AFIT, cibiyar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, ko na Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete.

Ni dai ga mai shakka mekanikal nake zaɓa. A Najeriya masana'antar siminti, matatar mai da tashar lantarki duk suna ɗaukar injiniyan mekanikal, kuma yana iya komawa fannin jirage a digiri na biyu. Wanda burinsa gyaran jirgi ne da hannunsa, kwalejin fasahar jiragen sama (NCAT) ta Zariya ya kamata ya nufa, don lasisi ake nema a wannan aikin.