Zama da Babba ko Zaman Taro: Ina Mai Ba da Shawara Zai Kai Damuwarsa?

Mai ba naƙasassu shawara a Marwa ko Garwa, a ƙasar Kamaru, yakan ci karo da abin da takarda ba ta faɗa ba. Yarinyar da ta rasa ƙafa ta gaya maka sirrinta, washegari mahaifinta ya zo ya ce, "Malam, me ta faɗa maka?" Ko tsohuwa ta kawo maka zabuwa ɗaure da igiya don godiya. Ka karɓa, ko ka mayar ka kunyata ta?

Idan kuka keɓe da babbanka a wurin aiki, za ka iya cewa "na yi kuskure" ba tare da jin nauyin idon jama'a ba. Babba na gari ba ya yanke maka hukunci, tambaya yake jefo maka: wa zai cutu, me doka ta ce, ita yarinyar ta amince? Illar dai, shi ke sa hannu a takardar aikinka, sai ka riƙa rufe wani abu.

Zaman taro da abokan aiki kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, zai hango abin da ɗan birni bai gani ba. Amma a garuruwanmu kowa ya san kowa. Ko ka sakaya suna, da ka ce "mai keken guragu ta bakin kasuwa", an gane ta. Wannan na damuna ƙwarai. Shi ya sa sirrin iyali ga babba kaɗai nake kai shi, batun kyauta da al'ada kuwa in kawo shi taro.